Darasi: Sa'ad da Yaro Ya Tambayi Ma'anar Idi

Karatu: Fitowa 12:21-28, Luka 22:7-20

Ya ku 'yan'uwa, lokacin da Ubangiji ya kafa wa Isra'ila Idin Ƙetarewa, bai danƙa shi ga firistoci kaɗai ba, ya danƙa shi ga kowane magidanci. A gida aka yanka ɗan ragon, a dogaran ƙofar gida aka shafa jinin. Musa kuwa ya gargaɗe su cewa wata rana 'ya'yansu za su tambayi ma'anar wannan hidima, sai uba ya kasance da amsa a bakinsa. A wannan idi ne Yesu ya ci jibi na ƙarshe tare da almajiransa.

Idin ya faɗo a watan Abib, sa'ad da sanyi yake ƙarewa a ƙasar Kan'ana, sha'ir kuma yana nuna. Tun bayan taron Nikiya na shekara ta 325, ikilisiya ta himmantu ta yi Idin Tashin Almasihu rana ɗaya. A lissafin ikilisiyoyin Yamma, shi ne Lahadin da ke bin cikar wata na fari daga 21 ga Maris, saboda haka yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A wurinmu bazara ce, lokacin sharar gona da jiran ruwan fari.

Bari mu ɗauki misalin wani gida na Katolika a ƙasar Shendam, inda Fadoji suka sauka a shekara ta 1907, mu ga yadda suke kiyaye kwanakin nan.

Ranar Larabar Toka dukansu sukan tafi majami'a, Fada ya zana musu gicciye da toka a goshi. Tokar ta ganyen dabinon bara ce da aka ƙone. Daga nan azumi na kwana 40 ya soma, ban da ranakun Lahadi. Duk wanda ya kai shekara 14 ba ya cin nama ran Juma'a, uwargida kuwa takan ajiye kuɗin naman domin wata gwauruwa a unguwa. Da maraice sukan bi Hanyar Gicciye, mataki 14, daga shari'ar Bilatus har zuwa kabari.

Ran Alhamis Mai Tsarki Fada yakan ɗaura zane ya wanke ƙafafun mutane, kamar yadda aka rubuta a Yohanna sura 13. Ƙararrawa takan yi shiru, a tuɓe bagade. Ran Juma'a ba a yin Misa. Da ƙarfe 3 na yamma, sa'ar da Ubangijinmu ya saki ransa, sukan taru su rusuna a gaban gicciye. Daren Asabar, wanda Paparoma Pius na 12 ya maido da hidimarsa zuwa dare a shekara ta 1951, akan hura sabuwar wuta a waje, a kunna babban kyandir, kowa ya ɗauki haske daga na maƙwabcinsa, a yi wa sababbin masu bi baftisma.

A kan hanyar komawa gida ƙaramin ɗansu ya ce, “Baba, don me muka tsaya cikin duhu tukuna?” Uban bai ce masa al'ada ce kawai ba. Ya ce, “Ɗana, Yesu ya kwanta cikin kabari sabili da zunubanmu. Duhun nan namu ne, hasken kuwa nasa ne, gama ya tashi.”

Ga abin lura. Ko ikilisiyarku tana shafa toka ko ba ta yi, tambayar yaro tana nan tafe. Idan bai sami amsa a gida ba, zai ɗauka Ista sabon ɗinki ne da shinkafa, in ya girma kuwa ya yar da ita kamar rigar da ta yi masa kaɗan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Sai uba da uwa su fara zama a gindin gicciye da kansu.

Tambayoyi
1. Wa aka ɗora wa nauyin amsa tambayar yara cikin Fitowa 12?
2. Me ya haɗa ɗan ragon Ƙetarewa da Almasihu? Dubi 1 Korantiyawa 5:7.
3. Wane abu ne gidanka zai bari a kwanakin nan, wa kuma zai amfana da shi?
4. In ɗanka ya tambaye ka yau dalilin mutuwar Yesu, me za ka ce?

Addu'a: Ya Uba, ka buɗe bakin iyaye da kunnen 'ya'ya, domin labarin Ɗanka kada ya yanke daga gidajenmu. Amin.