Gyaran Wutar Ɗakin Bayan Mota: Batir, Sola da Intanet

A Amurka da Kanada, matafiya kan ɗora ƙaramin ɗaki a bayan a-kori-kura su kwana a daji, inda babu wutar lantarki. Mai son inganta wutar irin wannan ɗaki yana farawa ne da lissafin abin da firiji, fitilu da fanka ke ci a yini, kafin ya sayi komai.

Batirin litiyam nau'in LiFePO4 bai kai na dalma nauyi ba ko kusa, kuma wannan babbar riba ce ga motar da kaya suka riga suka danne. Mai amfiya-awa 100 yana riƙe kusan wat-awa 1,280, ana kuma iya cinye kusan duka, alhali na dalma rabi kawai ake taɓawa in ana so ya daɗe. Sai dai cajin na litiyam ƙasa da digiri 0 a ma'aunin Selsiyas yana lalata shi, don haka a ƙasar sanyi gara mai ɗumama kansa. Haɗa shi kai tsaye da altanetar mota ganganci ne, domin zai zuƙi wuta har ta yi zafi. Dole cajar DC-DC ta shiga tsakani. Fis kuma kusa da batir ake sa shi, da waya mai kauri.

Rufin ɗakin ba shi da faɗi, faifan sola kaɗan yake ɗauka, shi ya sa na'urar caji ta MPPT, mai tatso wuta da yawa daga faifan, ta cancanci kuɗinta.

Intanet ta tauraron ɗan'adam na da cin wuta. Babban faifan Starlink kan ja wat 75 zuwa 100, ƙaramin nau'in Mini kuwa 25 zuwa 40. Dukansu, kamar sola, buɗaɗɗen sarari suke so, don haka ba a ajiye motar ƙarƙashin itatuwa.