Zaga Birnin Dabo da Ƙafa: Amsoshin Wasiƙunku

Yau jakar wasiƙunmu ta cika da zancen Kano, sai ka ce an haɗa baki. Na ware guda uku, sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Ta farko daga Maraɗi ta fito, a Jamhuriyar Nijar. Wani ɗan kasuwa ne ya ce ya fi shekara goma yana zuwa sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari, amma daga tasha sai Kwari, daga Kwari sai masauki. Ya ce wannan karon ya ware yini guda, ba mota, ba ɗan rakiya, yana so a faɗa masa ta inda zai fara.

To Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Amma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: duk shekarun nan Fagge kake zuwa. Kwari a bayan ganuwa take, a filin da ayarin Buzaye suke sauke raƙuma a zamanin da. Birni kuwa yana daga cikin badala, kuma ƙofarsa ba ta da nisa da kai. Ka karya kumallo da wuri, ka sa takalmin da ba ya cizo, ka nufi Ƙofar Mata tun rana ba ta buɗe ido ba. Kana shiga za ka tarar da karofi, marinar da ake cewa tun 1498 take. Ka tsaya ka ga yadda ake tsoma yadi a ruwan baba, a ɗago shi ya sha iska, a sake tsomawa, har shuɗin ya zauna. Ka tambayi inda mabuga suke, ko ma kada ka tambaya, kunnenka zai kai ka. Kai da ka san darajar rawanin Buzaye, ga irin hannun da yake fitowa daga ciki.

Daga nan ka miƙe titi, ka wuce Asibitin Murtala, sai Babban Masallaci da Gidan Rumfa. Fada ba a faɗa mata kai tsaye, ka tsaya Ƙofar Kudu ka more wa idonka, sannan ka tsallaka Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Kuɗin shiga kaɗan ne. In ranar Juma'a ce, ka bar wajen kafin hantsi ya dubi ludayi, don cunkoson masallata ba zai bar ka ka ga komai ba.

Inda nake so ka ɓata lokacinka shi ne tsakanin masallaci da Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamanin mulkinsa, 1463 zuwa 1499. Lungunan nan mota ba ta shiga, wasu ko mutum biyu ba sa jerawa. Ka riƙa tambayar sunan duk unguwar da ka taka, don a Kano sunan unguwa labari ne. Alfindiki kalmar Larabci ce, ma'anarta masaukin fatake. Dandalin Turawa kuma, kada ka zaci Ingilishi ake nufi: tun kafin zuwan Nasara a 1903, Larabawan Tarabulus da Gadamas ake kira Turawa, su ne suka zauna can. Ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Zangon Barebari, ga Sharifai da ake danganta ta da zuri'ar Shehu Magili. Akwai ma Agadasawa, ka ga ke nan danginka sun riga ka zuwa da ɗaruruwan shekaru.

Za ka ɓata, wannan kam babu makawa. Ni da nake muku wannan bayani na taɓa bin wani lungu a bayan Kurmi da ƙarfin gwiwa, sai ga ni tsamo-tsamo a zauren mutane ana karatun allo. Na yi sallama, malamin ya yi dariya, ya haɗa ni da almajiri ya fitar da ni. Haka za ka yi. Ka nemi dattijo a majalisa ko mai shago, ka gaishe shi sosai, sannan ka yi tambaya. Wanda ya faɗo da tambaya ba gaisuwa, da baki za a nuna masa hanya.

In yunwa ta taso, ka nemi gurasa bandashe a wajen Jakara. Da la'asar sakaliya sai ka hau Dala, inda tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna. Daga sama za ka hango Goron Dutse ta yamma, ka hango hasumiyoyin masallacin da ka baro, ka ga duk tafiyar da ka yi a shimfiɗe kamar tabarma. Ka sauko kafin magariba.

Wasiƙa ta biyu daga Zangon Kumasi take, a Gana. Wata baiwar Allah ce za ta zo biki da 'ya'yanta biyu, tana tambayar abin hawa, don ta ji an ce babu acaɓa a Kano.

Gaskiya ne Hajiya, an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Abin da ya cika gari yanzu shi ne babur mai ƙafa uku, ruwan ɗorawa, wanda muke kira Adaidaita Sahu. Sunan wani shiri ne na gyaran tarbiyya a zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, kuma don mata aka fara kawo baburan, sai sunan ya bi su har yau. Hawa iri biyu ne. Ko ki shiga tare da wasu ki biya kuɗin kujerarki, ko ki ɗauki shata ya kai ki har ƙofar gida. Ke da kike da yara, shata ta fi miki. Ki yi ciniki kafin ki zauna, ki riƙe canji, kuma ki faɗi wurin da kowa ya sani maimakon sunan layi: Bata, 'Yankura, Kabuga, Gidan Zoo, Mandawari. Akwai kuma bas-bas na haya a manyan tituna, yaron mota yana rataye yana kiran hanya. Sun fi araha, amma sai wanda ya san inda zai sauka. Waya kuwa ki bar ta a cikin jaka, musamman da dare, don masu ƙwace ba su san baƙo ba.

Tunda daga Kumasi kike, ki ce a kai ki Koki da Sarari ki nuna wa yaran unguwar Alhassan Ɗantata, wanda fataucin goro ya kai shi ƙasarku kafin ya zama hamshaƙin gyaɗa. Ya rasu a 1955.

Ta uku kuma ɗan gida ne, wani matashi daga Hotoro, kuma da faɗa ya zo. Ya ce me za a gani a cikin gari ban da kwata da bola, kuma ai tafiyar ƙasa ta wanda ba shi da kuɗin mota ce.

Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Akwai kwata, akwai shara, da damina wasu lungunan sai ka tattare wando. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, mu da hannunmu muka cinye ta: wani ya ɗebi ƙasa, wani ya yanka fili, wani ya dasa shago. Tsohuwar Ƙofar Na'isa ma rushe ta aka yi don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Wannan shi ne dalilin da nake cewa ka je yanzu, don abin da na gani ina yaro kai ba za ka same shi ba, wanda ya rage kuma kullum raguwa yake. Batun kuɗin mota kuwa, baƙi daga Jamus da Ingila suna biyan kuɗin jirgi su zo su taka lungunan da kake rainawa. Heinrich Barth ma a 1851 ya zo, ya zaga garin, har taswirarsa ya zana. Kai da Adaidaita ɗaya za ta kai ka Ƙofar Nasarawa, a ce ba ka taɓa hawa Dala ba? Ranar Asabar ka ɗauki ƙanenka ku je, in ka dawo ka rubuto mana sunayen unguwanni biyar da ka bi, zan karanta su a wannan fili.