Bushin Lowa Am: Ɗaurin da Ke Kashe Shi Tun a Gareji

Masu tsofaffin motocin bas, musamman Toyota Hiace ta haya, sun san wannan takaicin: an canja bushin lowa am, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ta ƙasa, ba a jima ba ƙarar ta dawo. Mota na faɗawa rami sai ka ji ƙwal-ƙwal a ƙasa, in ka taka birki sitiyari ya ja gefe, tayar gaba kuma tana cinyewa ta ɓari ɗaya. Nan da nan sai a zargi mai sayar da kayan gyara. Wani lokacin laifinsa ne, amma sau da yawa ɗaurin bol ɗin ne bai yi ba.

Bushin roba ce da aka manne a jikin bututun ƙarfe. Ba ta juyawa a kan bol, murɗewa take yi duk sa'ad da taya ta hau ko ta sauka. To, idan makanike ya tamke bol ɗin alhali mota na kan jek, taya na reto, da an sauke ta robar ta riga ta murɗe tun ba a loda fasinja ko buhu ɗaya ba. A haka za ta kwana, a haka za ta yini, har ta tsage. Maganin ba ya cin ko sisi. A sa bol ɗin sako-sako, a sauke motar ta tsaya da tayoyinta, a ɗan girgiza ta, sannan a shiga ƙarƙashi ta ramin gareji a tamke.

Kafin a kwance, a yi wa bol ɗin saiti alama da fenti. Wajen shigar da sabon bushin, injin matsi ake so. Guduma tana lanƙwasa bakinsa, man inji da giris kuma suna cin roba. In ana neman santsi, ruwan sabulu ya isa. Robar tsohuwar taya da wasu ke yankawa su cusa kuwa, kai mota gida kawai za ta yi, kada ka yi lodi da ita.

A canja hagu da dama tare, a duba boljoyin tunda an riga an kwance, sannan a wuce wurin alaimen. Kai kuma mai mota, kada ka biya kuɗin aiki sai ka ga an yi ɗaurin ƙarshe taya na ƙasa.