Gwajin Caca Na Iowa: Wasan Kwamfuta Da Ke Auna Yadda Kake Yanke Shawara

A da sai mutum ya taka zuwa shago kafin ya buga caca. Yanzu matashi a Geza ko Bagudo, har tsallaken iyakar Benin, waya da data kawai yake buƙata. Shi ya sa a darasinmu na yau za mu duba wani wasan kwamfuta da masana ke auna yadda mutum ke yanke shawara da shi idan akwai kasada.

Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokan aikinsu ne suka fito da shi a 1994 a Jami'ar Iowa da ke Amurka. Za ka ga tarin kati huɗu a fuskar kwamfuta: A, B, C da D. Ana ba ka rancen dala 2,000 na wasa, ka riƙa jan kati ɗaya-ɗaya har sau 100, ba tare da an gaya maka abin da ke cikin kowane tari ba.

Kowane katin A da B yana ba ka dala 100, na C da D kuwa dala 50 kacal. Sai dai akwai tara a ɓoye. Duk kati 10 da ka ja daga A ko B, ka yi asarar dala 250 idan an haɗa lissafi. Daga C ko D kuwa ribar dala 250 ce. Yawancin masu lafiya suna fara rububin A da B, daga baya su koma C da D. Waɗanda suka samu rauni a wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa, can saman idanu, su kan ci gaba da jan katin asara har a tashi. A binciken 1997 an maƙala wa 'yan wasan na'urar auna gumi, aka ga fatar masu lafiya tana fara tsatsafo gumi idan za su taɓa mugun tari, tun kafin su iya faɗin dalili.

Tarin da ya fi shafar mu shi ne B. Kati 9 cikin 10 ba su da tara ko kaɗan, ɗaya ne ke kwashe dala 1,250 a tashi guda. Bincike da dama daga baya sun nuna cewa har masu lafiya sau da yawa suna manne wa B, domin ƙwaƙwalwa ta fi riƙe yawan lokutan da aka ci, lissafin jimilla kuwa ba ya zama mata.

A ganina wannan shi ne ainihin abin da 'yan caca ke kira "sure odd". Ka sa naira 1,000 a kan 1.20, ribarka naira 200 ce. Faɗuwa ɗaya tana cinye cin sau 5. Haka ma mai saurin cire kuɗi a Aviator: ci kaɗan-kaɗan, har ranar da jirgin zai tafi da uwar kuɗin.

Kana iya gwada kanka kyauta a shafin PsyToolkit, ba ko sisi a ciki, sai dai ya fi sauƙi a kwamfuta. Idan ka gama, haɗa yawan katin C da D, ka cire na A da B. Masana suna raba wasan kashi 5, kati 20-20, don a ga ko makin yana hawa. Ba gwajin asibiti ba ne a hannunka, amma ka duba sau nawa ka ja A da B a kati 40 na ƙarshe.