Yadda ake gano inda ruwa ke zuba bayan an canza tof gaskit

Direbobinmu da ke Agege da Idi-Araba da yawa suna kai gyaran inji garejojin Isolo, saboda kasuwar kayan mota ta Ladipo tana nan kusa, gefen babban titin Oshodi zuwa Apapa. A can ake sayen gaskit, a can ake goge tof silinda, a dawo a ɗaure. Sai dai sau da yawa bayan kwana biyu ruwan lagireto ya fara raguwa, mai mota ya tayar da hankali, bakanike kuma ya ce a sake kwance inji.

Kada ka yarda a taɓa tof ɗin tukuna. Kafin a kai ga gaskit sai an cire tiyo da yawa, da bututu, da gidan tamostat, kuma galibi a cikinsu matsalar take. Ka bi binciken daga waje zuwa ciki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Kayan da za ka tanada

Tocila mai haske, faffaɗan kwali, tsumma, ƙaramin madubi, ruwan lagireto irin na motarka, da famfon gwada lagireto mai geji. Idan garejinku babu wannan famfo, a aro ko a nemo a Ladipo.

Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan da ke ciki yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba saboda matsin da ke kansa, kana buɗewa zai feso maka a fuska. Ruwan kuma guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi, don haka a kawar da shi daga yara da dabbobi.

Mataki na 1: Tabbatar cewa zuba yake yi

Idan aka juye ruwan inji aka sake cikawa, iska takan maƙale a ciki. Tana fita, ruwa ya maye gurbinta, sai ka ga kamar ya ragu. Ka ajiye motar gabanta ya ɗan ɗaga, inji a sanyaye, ka buɗe murfi ka cika. Tayar da inji, ka murza hita zuwa zafi, ka bar shi har tamostat ya buɗe, fanka ta tashi. Kumfa zai yi ta fitowa, ruwa yana sauka, kana ƙarawa. Idan kumfan ya tsaya, ka rufe, ka yi alama da biro a jikin robar ajiyar ruwa. Washegari da sassafe ka duba alamar kafin ka tayar. Raguwa sau ɗaya ko biyu iska ce. Raguwa kowace safiya zuba ce.

Mataki na 2: Wanke inji, shimfiɗa kwali

Ruwan da ya zube lokacin aiki yakan kwanta a lungunan inji ya yi ta ɗiga. Ka wanke, ka bari ya bushe sarai, sannan ka shimfiɗa kwali a ƙasa motar ta kwana a kai. Ruwa fari tas mara wari, wanda ke ɗiga ta wajen kujerar fasinja, na na'urar sanyi ne, ba komai. Na lagireto kore ne ko ja ko ruwan hoda, yana da santsi a yatsa, kuma idan ya bushe yakan bar farin gari-gari a inda ya bi. Daga tabon da ke kan kwali ka ɗaga tocila sama. Ruwa gangarowa yake yi, saboda haka wurin da ya fi kowane tsayi cikin wuraren da suka jiƙe shi ne tushen zubar.

Mataki na 3: Bi duk abin da hannu ya taɓa

Fara da manyan tiyo biyu na lagireto, na sama da na ƙasa. Duba ko kilif ya zauna a bayan tudun bakin bututu, domin idan ya hau kan tudun ba zai riƙe ba. Tsohon tiyo da aka fizge da ƙarfi yakan tsage ta ciki. Daga nan ka koma ƙananan tiyo na hita a bayan inji, inda hannu ke shiga da ƙyar, ka leƙa da madubi. Sai gidan tamostat da bututun ƙarfe mai zoben roba a baki. Wannan zoben idan an cire shi sabo ake sawa, amma da yawa sukan mayar da tsohon su shafa gam. Duba famfon ruwa: yana da ɗan rami a ƙasansa, idan ruwa na tsattsafowa ta nan famfon ya gaji. A ƙarshe taɓa kafet ɗin gaban mota. Idan ya jiƙe yana wari mai zaƙi, hita ce ta fashe.

Mataki na 4: Gwaji da famfo

Wata zubar ba ta bayyana sai da matsi. Inji a sanyaye, ka ɗaura famfon a bakin lagireto ka buga har adadin da aka rubuta a kan murfi, wanda a yawancin ƙananan motoci yake tsakanin 0.9 da 1.1. Kada ka wuce, za ka iya fasa lagireto. Jira minti 15 kana kallon allura. Idan ta tsaya cik, babu zuba a sanyi. Idan tana sauka ka kuma ga ɗigo, ka sami wurin. Idan tana sauka amma ko'ina a bushe, ruwan ciki yake tafiya. Ka gwada murfin shi ma. Murfin da ya saki yakan bar ruwa ya tsere ta robar ajiya, musamman a cunkoson Iyana Isolo ko hanyar Ikotun, inda mota ke tsaye inji yana dahuwa.

Mataki na 5: Alamun zuba ta ciki

Zaro sandar auna baƙin mai, ka buɗe murfin zuba mai. Idan man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Amma ka tambayi bakanike ko ya canza mai da filta bayan aikin, don ragowar tsohuwar lalacewa tana iya ruɗar ka. Haka farin hayaƙi daga salansa: na ranar farko yana iya zama ruwan da ya kwanta tun da, amma wanda ya ci gaba bayan doguwar tafiya alama ce mai ƙarfi.

Sauran alamun su ne kumfa mai fitowa a lagireto ba tsayawa, tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan da tayar da inji mai sanyi, da inji mai rawa da safe. Cire filogi ka jera su. Wanda ya fita fes alhali sauran suna da dauɗa, tururi ne ya wanke shi. Akwai kuma ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto cikin kwalba. Idan hayaƙin inji yana shiga ruwa sai ya koma rawaya.

Mataki na 6: Idan dole a sake kwancewa

A nan ka zauna da bakanike a duba dalili, don sabon gaskit kaɗai ba zai magance abin da ba a gano ba.

Na farko, fuskar tof da ta bulok. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a auna da siririn geji. A injuna da yawa na Toyota lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 ta yi yawa. A kuma gwada tof ɗin ko ya tsage, domin gogewa ba ta rufe tsaga.

Na biyu, ƙusoshin tof. Na injunan zamani da yawa miƙewa suke yi idan an ɗaure su, saboda haka sai an auna su ko a sayi sababbi. A share ramukansu tas, don mai ko ruwa a ƙasan rami yana sa ƙusa ta yi kamar ta ɗauru alhali ba ta danne gaskit ba. Ana ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, da sifana mai auna ƙarfi, bisa lambar da kamfanin motar ya bayar. Ɗauri da ƙiyasin hannu da dogon bututu shi ke mayar da aiki baya.

Masu Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ake kira Big Daddy, mai inji 2AZ-FE, su lura: an san injin da cinyewar zaren ramukan ƙusa na baya a bulok ɗin alminiyam, ruwa ya riƙa gangarowa ta bayan inji. Maganinsa a dasa sabon zaren ƙarfe a ramukan.

Na uku, gaskit ɗin kansa. Inji mai silinda 6 irin na Sienna tof biyu gare shi, gaskit na dama daban da na hagu. Idan aka musanya ko aka kifa, ramukan ruwa ba za su dace ba. A Ladipo akwai mai kyau akwai jabu, ka je da lambar injinka, kada araha ta ja ka.

Bayan an gama

A mayar da tamostat idan an taɓa cire shi. Cire shi da ake yi wai don zafin Legas yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai. A daina zuba ruwan rijiya ko na leda zalla, tsatsa yake kawowa. A sa ruwan lagireto na gaske, idan mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. A tabbatar fanka tana tashi da kanta, a kuma gano abin da ya ƙona gaskit na farko, ko toshewar lagireto ce ko famfon ruwa.

Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka ce wa bakanike: “Maigida, a sake buga famfon nan a gabana.” Sannan mako guda kana duba alamar biro kowace safiya. A kan hanya kuwa, da zarar allurar zafi ta haura inda ta saba tsayawa, ka gangara gefe ka kashe inji, ko da saura kaɗan ka isa gida.