Zaɓen Wurin Neman Digirin Dakta a Fannin Fasaha

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu suna da niyyar ƙara ilmi bayan sun bar wannan kwaleji, har wata rana su koyar a jami'a. Waɗanda zuciyarsu ta karkata ga zane, ko sassaƙa, ko kiɗa, ko wasan kwaikwayo, ko adabi, su na ke yi wa wannan magana. A jami'o'in ƙasarmu yanzu da wuya malami ya kai matsayin babban lakcara in ba shi da digiri na uku, watau digirin dakta. Aikin kan ci shekara 3 zuwa 7 na ƙuruciyar mutum, saboda haka bai kamata a faɗa masa da ka ba. Ga abubuwa huɗu da ya kamata a auna.

1. Wane irin aiki ka ke so?

Hanya biyu ce. Akwai mai yin fasaha da hannunsa, akwai kuma mai nazarinta ya rubuta tarihinta da ma'anarta. Ladi Kwali ba ta yi karatun boko ba, amma ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta dā, watau Suleja, a 1954, tukwanenta suka zaga duniya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuwa ya hau takardar naira 20. Wole Soyinka ma ya koyar a jami'a, ya sami kyautar Nobel a 1986, ba tare da ya rubuta kundin dakta ba. Amma zamaninsu dabam, baiwarsu kuma ba kowa ke da irinta ba. Mai neman aikin koyarwa yau lalle ya nemi takarda.

A Amurka, mai zane ko sassaƙa ya kan tsaya a digirin da a ke kira MFA, ya kuwa isa ya koyar da shi. A Ingila da Ostareliya akwai digirin dakta wanda mutum zai gabatar da aikin hannunsa tare da rubutaccen bayani. Tambaya tukuna ko jami'ar da ka ke fatan koyarwa a cikinta ta amince da irin takardar da za ka kawo mata.

2. Wa zai duba aikinka?

Wannan ya fi sunan jami'a muhimmanci, gama ɗalibin dakta almajirin mutum ɗaya ne ko biyu. Nemi abin da malamin ya rubuta, ka karanta. In ba ka ga inda tunaninsa ya haɗu da naka ba, kada girman jami'ar ya ruɗe ka. Sa'an nan ka bincika ɗalibai nawa suka gama a hannunsa, cikin shekara nawa, ina kuma su ke aiki yanzu. Malamin da ya ke riƙe babi guda wata shida bai karanta ba zai tsufar da kai a makaranta. Tsofaffin ɗalibansa su za su gaya maka gaskiya, matambayi kuwa ba ya ɓata.

3. Ina kayan binciken su ke?

Dubi misalin magabata. Ɗalhatu Muhammad ya yi nasa digirin a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan a 1977 a kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nasa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 a kan Mamman Shata. Sun tafi waje domin malamai da ɗakunan karatu, amma abin da suka nazarta a gida ya ke. Akin Euba kuwa, bayan ya yi karatu a Landan da Amurka, Jami'ar Gana da ke Legon ya zaɓa, ya gama a 1974 da bincike a kan kiɗan dundun na Yarabawa, daga baya ya zama farfesa a Fitsbag. Ashe ba tilas ne sai an ƙetare teku ba.

Kowace makaranta kuma da gadonta. A Zariya ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi ƙungiyar masu zane wadda aka kafa a 1958, suna neman a gauraya dabarun Turawa da na gargajiya. Bayan yaƙin basasa Uche Okeke ya koma Nsukka, ya raya zanen uli na Ibo a can. Chika Okeke-Agulu ya fito daga wannan makaranta ta Nsukka, ya yi dakta a Emory a 2004, ya zama farfesa a Firinston. Wanda ya san gadon wuri ya san irin tambayoyin da za a karɓa daga gare shi a can.

4. Wa zai biya?

A Ingila aikin ya fi gajarta, shekara 3 ko 4, kundi ne kawai da kare shi a gaban masu jarrabawa, amma kuɗin baƙo yana da yawa ƙwarai. A Amurka a kan fara da darussa na kamar shekara 2 da babbar jarrabawa kafin a shiga kundi. Manyan jami'o'insu su kan yafe kuɗin makaranta, su ba ɗalibi ɗan albashi, shi kuma ya taya su koyarwa. Wannan koyarwar riba ce ga mu da muka koyi aikin malanta. Akwai tallafin ƙasashen Kwamanwel wanda aka fara a 1959, da na DAAD ta Jamus. A gida kuwa akwai TETFund, wadda aka kafa da dokar 2011, tana taimakon malaman da suka riga suka kama aiki a manyan makarantun gwamnati. Karatun gida ya fi araha, mutum yana kusa da iyalinsa, sai dai yajin aiki kan tsawaita shi, kamar na 2022 da ya ci wata 8. Kada ka ci bashi mai nauyi domin wannan digiri, gama albashin malamin fasaha ba zai biya shi da sauri ba, guraben aiki kuma ba su kai yawan masu nema ba.

Abin da za mu iya yi tun yanzu

Tsakaninmu da wannan matsayi akwai digiri na farko da na biyu, amma shiri tun yau ya ke farawa. Ka adana hotunan ayyukanka da kwanan watansu. Ka riƙa rubuta abin da tsofaffin maƙera da masaƙa da makaɗan garinku suka gaya maka, gama suna ƙarewa, kuma daga irin wannan littafi ne tambayar bincike ta kan fito. Ka gyara Turancinka, kada kuma ka yar da harshen uwarka, domin da shi za ka shiga inda baƙo ba ya iya shiga. Ka riƙe zumunci da malamai biyu ko uku da suka san aikinka, su ne za su rubuta maka takardar shaida ran da ka bukata.

Allah ya ba mu hikimar zaɓe da haƙurin gamawa. Amin.