Kare a Gida: Abin da Hypo Ba Ya Kashewa

Aikina kula da lafiyar dabbobi ne, kuma a ƙauyukan Garki gidaje da yawa na da kare, na farauta ko na gadin garke. Abin da masu gida suka fi tambayata shi ne wane magani za su zuba a tsakar gida. Nakan ce su fara neman shebur.

Kashin kare na ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki waɗanda Hypo da Izal ba sa kashewa. Wasunsu sai sun yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin su iya kama mutum, don haka wanda ke kwashe kashin kullum da safe, ya binne shi da zurfi nesa da rijiya, ya rage haɗarin sosai. Yaro mai rarrafe, mai kai hannu baki, shi ne na farkon kamuwa. Wannan ne ya fi damuna.

Mahautanmu sun san ƙullutun nan mai ruwa da ake gani a hantar tunkiya ko huhunta. Don Allah a daina jefa wa kare shi, musamman ranar Layya. Idan ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashi, ya koma jikin mutum ya yi irin ƙullutun a hanta, wani lokaci sai an yi tiyata. A ƙone ƙullutun tunkiyar ko a binne, a kuma ba kare maganin tsutsa duk wata 3.

Inda aka yi siminti, bayan an kwashe kashin, a fara wankewa da ruwa da omo, domin datti na kashe ƙarfin Hypo. Sannan ludayi 1 na Hypo cikin ludayi 30 na ruwa, a bari minti 10, a ɗauraye, ya bushe kafin kare ko yara su taka. Kada a haɗa shi da Harpic ko Izal. Da Harpic yana tayar da iska mai guba. A daɓen ƙasa kuwa, a kankare saman, a bar rana ta buga.

Kwanon kare daban, kuma a rufe randa. Malamai sun riga sun koya mana wanke abin da kare ya sa wa baki sau 7.

Sniper da Otapiapia ba maganin kaska ba ne. Na ga karen da suka kashe, kuma suna taɓa mai shafawar.

Allurar haukan kare duk shekara ake yi. A tuntuɓi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Idan kare ya yi cizo ko yakushi, ko na gida ne, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa minti 15, a tafi asibiti a ranar. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan ba a tashi.